Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin ECOWAS: Kafin a Buga Eco, a Faɗa Mana Farashin Shiga

Zuwa ga Majalisar Shugabannin Ƙasashen ECOWAS da Kwamitin Gwamnonin Manyan Bankunan yankin.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku. Ni akanta ne. Aikina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin shiga da fita, yawancinsu masu sarin kaya a wata ƙasa su sayar a wata. Da yawunsu nake magana, da na ma'aikata masu jiran ƙarshen wata, da 'yan fansho, da duk mai 'yar ajiya a banki da ke sa ran abin da take saya masa yau za ta saya masa gobe. Ba a taɓa gayyatar irinmu taron kuɗin bai-ɗaya ba, amma ranar da aka sauya kuɗin, a aljihunmu za a fara gani.

Dalilin wannan takarda shi ne har yanzu kuna kan bakanku cewa a 2027 za a ƙaddamar da Eco, kuɗin bai-ɗaya na ƙasashen yankin, kamar yadda kuka tsayar a taronku na Akra a watan Yunin 2021, kuma tsarin shi ne waɗanda suka cika sharuɗɗa su fara, saura su biyo baya. Tun farko bari in share zargi: mu ba abokan gabar kuɗin bai-ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa juya naira zuwa sefa, ya juya sefa zuwa sidi, kowane ɗan canji ya yanki nasa a hanya, ba zai ƙi ranar da za a ce an huta da wannan ba. Abin ma ba baƙo ba ne a yankin nan. Daga 1912 fam iri ɗaya ake kashewa a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya, har lokacin da guguwar 'yancin kai ta sa kowa ya buga nasa. Damuwarmu ita ce ana ta maganar rana, ba a maganar yadda za a shiga, alhali a yadda za a shiga ɗin ne talaka zai tsira ko ya karye.

Kukanmu na farko a kan ranar ne ita kanta. Tun da aka kafa yankin kuɗi na biyu, na ƙasashen da ba sa kashe sefa, a shekarar 2000, an sa 2003, aka ɗaga zuwa 2005, sai 2009, sai 2015, sai 2020, yanzu 2027. Ɗagawar ba laifi ba ce, gara ita da shiga ba shiri. Laifin shi ne kowane karo ana yanke rana kafin a yi aikin. Ku da kanku kuka gindaya sharuɗɗan: giɓin kasafin kuɗi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara; hauhawar farashi ta tsaya ƙasa da kashi 10, da burin saukar da ita zuwa 5; rancen da babban banki ke bai wa gwamnati kada ya haura kashi 10 na harajin da aka tara bara; ajiyar kuɗin waje ta isa shigo da kayan wata uku. Sannan bashi kada ya wuce kashi 70 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, darajar kuɗin ƙasa kuma kada ta yi sama ko ƙasa da fiye da kashi 10.

To mu ɗora waɗannan a kan abin da ya faru cikin shekarun da kuka ware domin daidaitawa, wato 2022 zuwa 2026. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1, a watan kuma gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. A Najeriya, Majalisar Dattawa ta amince a Mayun 2023 a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci a hannun babban banki zuwa bashi na dogon zango. Wata guda bayan haka aka saki naira, kasuwa ta yanke mata farashi: dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ina kashi 10 a nan? Tarayyar Turai ba ta karɓar ƙasa cikin yuro sai kuɗinta ya yi shekara biyu a cikin tsarin daidaita canji ba tare da an karya darajarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin tsoro da sa rana shi ne tana koya wa ministocin kuɗi kwalliya. Cika sharaɗi na shekara ɗaya ba wuya: a jinkirta biyan 'yan kwangila zuwa Janairu, a sayar da kadarar gwamnati, a ƙona ajiyar dala don riƙe canji har masu duba littafi su wuce. Turawa ma sun yi. Italiya ta ƙaƙaba haraji na musamman na lokaci ɗaya don ta sauko da giɓinta a 1997, Faransa kuma a shekarar ta karɓi dunƙulen kuɗi daga kamfanin wayar tarho na France Télécom ta ɗauki nauyin fanshon ma'aikatansa a madadi. Takarda ta yi kyau a shekarar jarrabawa, nauyin ya koma kan shekarun gaba.

Wannan ya kawo ni ga kuka na biyu, wanda a matsayina na mai aikin lissafi ya fi ci mini rai: alƙaluman su kansu, wa ya tantance su? Girka ta shiga yuro a 2001. A 2004 ta fito fili cewa giɓinta a shekarun da aka auna ta ya haura kashi 3 ɗin da ake nema. A 2009 sabuwar gwamnati ta ce giɓin shekarar kashi 12.7 ne, da aka sake dubawa ya haura 15. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: rancen ceto na yuro biliyan 110 a Mayun 2010, tattalin arziki ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai kashi 27. Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗi ta Senegal ta bayyana cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kai kashi 99.67 na abin da take samarwa a shekara, ba kashi 74 da 'yan kai da aka sanar ba, giɓin kasafi kuma kashi 12.3 ne, ba 4.9 ba. Senegal fa ƙasa ce da ke cikin tarayyar kuɗi tun tuni, ana sa mata ido daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, a lokacin kuma tana da shiri da Asusun Lamuni na Duniya. Duk da waɗannan idanun abin ya ɓoyu shekara da shekaru. Da a kan alƙaluman farko aka yi jarrabawar Eco, da an ce saura ƙiris ta cika sharaɗin bashi.

Ko inda babu ɓoye-ɓoye, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Hauhawar farashi a Najeriya ta tashi daga kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025, ba don kaya sun sauka ba, sai don an sabunta kwandon da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita. Aiki ne halastacce a ilimin ƙididdiga, ban ce an yi maguɗi ba. Amma in kowace ƙasa na da mudunta da lokacin da take sauya shi, jera alƙalumansu a shafi ɗaya a ce wannan ta ci waccan ta faɗi yaudarar kai ne.

Sai kuka na uku, babbar magana, wadda ba mu taɓa jin an zauna an yi wa jama'a bayaninta ba: a kan wane farashi kowane kuɗi zai shiga Eco? Naira nawa ne Eco ɗaya, sidi nawa, dalasi nawa, sefa nawa? Wannan lamba sau ɗaya ake yanke ta, ba a kuma komawa. Kuroshiya ta shiga yuro a 2023 a kan kuna 7.53450, kuma duk albashi da bashi da ajiyar ɗan ƙasar da wannan lambar aka raba su. In aka shigar da kuɗin ƙasa da darajar da ta fi ƙarfinsa, kayan da take ƙerawa za su yi tsada a cikin tarayyar, masana'antu su rufe. In aka shigar da shi a raunane, an zaftare ajiyar mutane da fanshonsu a dare ɗaya, kayan waje kuma su yi tashin gwauron zabo.

Tarihi ya nuna kuskuren farko sau biyu cikin shekara biyu. A Oktoban 1990 Birtaniya ta ɗaure fam a kan mak 2.95 na Jamus, farashin da masana da yawa suka ce ya yi yawa. Ranar 16 ga Satumban 1992 ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta sanar da 15, duk a wuni ɗaya, da dare kuma ta sallama ta fice. Ita ta samu ƙofar fita, domin kuɗinta na hannunta. Jamus ta Gabas ba ta samu ba. Ranar 1 ga Yulin 1990 aka mayar da albashinta zuwa mak na yamma ɗaya bisa ɗaya, duk da babban bankin Jamus ya so a yi biyu bisa ɗaya. Siyasa ce ta yi rinjaye, mutane suka yi murna, cikin 'yan watanni abin da masana'antun gabas ke fitarwa ya faɗi da kusan rabi. Abin da ya rufa asiri shi ne akwai Jamus ta Yamma mai arziki da ta yi shekaru tana zuba kuɗi. Mu wa zai zuba mana? Ƙasashen sefa ma sun ɗanɗana irin tasu: an bar kuɗin a ɗaure sama da ƙarfinsa har sai da aka wayi gari a Janairun 1994 an raba darajarsa biyu, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100.

Na ga yadda lamba irin wannan ke sauka a kan mutum ɗaya. Cikin waɗanda nake yi wa lissafi akwai wani dattijo da ya karɓi kaya bashi a kan sefa kafin a saki naira, ya sayar a naira, shi ma bashi, ga mutanen da suka saba biyansa bayan wata biyu ko uku. Da lokacin biya ya zo muka buɗe littafin tare. Shafin hagu, abin da ake binsa, bai motsa ba ko da sefa ɗaya. Shafin dama ma, abin da yake bi, bai motsa ba. Amma da muka buga canjin ranar, duk abin da ke dama bai rufe na hagu ba. Ya karɓi wayar daga hannuna ya sake bugawa da kansa, yana latsa lambobin a hankali kamar kuskuren a yatsana yake. Sannan ya cire tabarau ya ce in duba masa nawa motar ɗaukar kayansa za ta yi in an sa ta a kasuwa. Bai ci amanar kowa ba, bai yi almubazzaranci ba. Ranar da za a kulle farashin shiga Eco, duk wata yarjejeniya tsakanin mutum biyu a ƙasashe biyu za ta bi ta wannan ƙofa, kuma har yau babu dokar da aka nuna mana ta yadda za a juya bashi da haya da kwangilar da aka ƙulla kafin ranar.

Bayan an kulle kuma, a tuna, ƙasa ta rasa makamin rage darajar kuɗinta. Mu da muka sha wuyar faɗuwar naira da sidi za mu iya cewa to madalla. Amma gyaran da canji ke yi ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. In ƙasa ta yi tsada a cikin tarayya, sai dai a rage albashi, a sallami ma'aikata, a rufe ma'aikatu har farashi ya sauko. Latbiya ta zaɓi wannan hanya a 2009 don kada ta saki kuɗinta da ke ɗaure da yuro, tattalin arzikinta ya tsuke da kusan kashi 14 a shekara guda. Ya kamata a gaya wa ma'aikacin gwamnati wannan tun yanzu, da harshen da yake ji.

Kuka na huɗu: wane Eco ake nufi? A Abuja, a Yunin 2019, kun amince da sunan, kun kuma ce canjinsa zai kasance mai sassauci, babban banki ya sa ido kan hauhawar farashi. Wata shida bayan haka, ranar 21 ga Disamba, Shugaba Alassane Ouattara da Shugaba Emmanuel Macron suka sanar a Abijan cewa sefa zai koma Eco, amma ya ci gaba da zama a ɗaure da yuro, Faransa na tsaya masa. A Janairun 2020 ministocin kuɗi na ƙasashen da ba sa kashe sefa suka taru a Abuja suka ce wannan ba shi aka yi alkawari ba. Tsakanin kuɗin da ke tsaye a kan 655.957 ga yuro ɗaya da kuɗin da kasuwa ke yanke wa farashi kullum, tazarar ba ta suna ba ce. Ɗan kasuwar Abijan ya saba da ƙarancin hauhawar farashi, ba zai so ya rasa ta ba. Mai fitar da kaya a Legas ko Akra kuma ba zai so a ɗaure shi da kuɗin da ake yanke wa kuɗin ruwa a babban bankin Turai da ke Farankfot ba. Dole ɗaya ya sassauta, kuma jama'a na da haƙƙin sanin wane ne.

Ga kuma ƙarin sarƙaƙiya. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, amma suna nan a cikin sefa, babban bankinsu ɗaya da sauran a Dakar, ajiyarsu a asusu ɗaya. In Benin da Togo da Senegal da Kwaddibuwa da Gini Bisau suka koma Eco, ukun nan fa? Kuɗin da aka ce zai haɗa yanki zai iya soma aiki da raba tarayyar da ta daɗe tana tafiya. Rabuwa irin wannan ba ta jiran jadawalin kowa: da Cek da Sulobakiya suka rabu a farkon 1993 sun so su ci gaba da kuɗi ɗaya na wani lokaci, amma da mutane suka fara kwashe ajiyarsu zuwa ɓangaren da suka fi yarda da shi, abin bai wuce kwana 38 ba.

Na ƙarshe shi ne ranar wuya. Najeriya, mai fiye da rabin mutanen yankin, mafi yawan kuɗin wajenta daga mai yake fitowa, yawancin maƙwabtanta kuma sayen man suke yi. In farashinsa ya tashi, ɗaya na dariya sauran na kuka, in ya faɗi a juya. Babban banki ɗaya ba zai iya ɗaga kuɗin ruwa ga wannan ya sauke ga wancan ba. Tun 1961 masanin nan Robert Mundell ya nuna cewa kuɗi ɗaya ya fi dacewa da yankin da ma'aikata ke iya tashi daga inda aiki ya mutu zuwa inda yake. A takarda muna da 'yancin zirga-zirga tun yarjejeniyar 1979. A aikace Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shingayen hanya kuwa ba sai na ƙirga muku ba. Cinikin da ke tsakaninmu, wanda ke shiga littafin hukuma, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dukan cinikinmu da duniya ba. Turai, da duk arzikinta, sai da wuta ta kama sannan ta kafa asusun ceto na dindindin a 2012, mai ikon ba da rancen yuro biliyan 500. ECOWAS kuwa da harajin kashi 0.5 na kayan da ake shigowa da su daga wajen yanki take rayuwa. In wata ƙasa ta durƙushe a cikin Eco, daga wane aljihu za a ɗaga ta?

Kuma wa zai hukunta babba in ya saɓa? A 2003 Jamus da Faransa suka keta sharaɗin kashi 3, ministocin kuɗi suka kau da kai. A 2006 aka hana Lituwaniya shiga yuro saboda hauhawar farashinta ta ɗara ma'auni da kusan kashi 0.1, sai 2015 ta shiga. Ni ɗan yankin nan ne, na san ƙasar da za a ji nauyin tsawata wa, ku ma kun sani. Ƙananan ƙasashe na da dalilin ɗari-ɗari.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku cire rana daga gaba, ku sa sharaɗi. Kada ƙasa ta shiga sai ta cika manyan sharuɗɗan shekara uku a jere, kuma kuɗinta ya zauna aƙalla shekara biyu a cikin iyakar canjin da aka amince, da farashi guda, ba na gwamnati daban na bayan fage daban ba. In hakan na nufin 2027 ta wuce, ta wuce. Sau biyar aka ɗaga ba a mutu ba.

Ku kafa hukumar ƙididdiga ta yanki mai cin gashin kanta, da ikon shiga baitulmali da babban bankin kowace ƙasa ta ga takardun da idonta, har da bashin kamfanonin gwamnati da kuɗin 'yan kwangila da ba a biya ba. Rahoton daidaituwa da hukumomin kula da shirin kuɗin bai-ɗaya, wato WAMA ta Firitawun da WAMI ta Akra, ke shiryawa a riƙa wallafa shi a kan lokaci, ƙasa-ƙasa, sharaɗi-sharaɗi, inda kowa zai iya karantawa.

Ku bayyana tun da wuri hanyar da za a bi a yanke farashin shiga na kowane kuɗi, da wanda zai yanke, a kuma kai maganar gaban majalisun dokokin ƙasashe kafin a kulle. A haɗa da dokar da za ta tsare ajiya da fansho da bashin da aka ƙulla kafin ranar, da wa'adin da za a riƙa rubuta farashi da tsohon kuɗi da sabo gefe da gefe, don kada a fake da canji a yi wa mutane ƙari.

Ku fito da matsaya ɗaya a rubuce: Eco a ɗaure zai kasance ko a sake, in a ɗaure ne da me, wa kuma ya tsaya masa. Ku zauna da Bamako da Wagadugu da Yamai a kan makomar ajiyar da ke Dakar kafin a buga takarda ko ɗaya. Asusun ranar wuya da hukuncin mai saɓa ƙa'ida, babba ko ƙarami, su shiga yarjejeniya tun kafin a fara.

Kafin duk wannan ya kammala, akwai abin da ba ya bukatar sabon kuɗi. Tsarin biyan kuɗi na PAPSS da aka ƙaddamar a Akra a Janairun 2022 an yi shi ne don mai naira ya biya mai sidi ba tare da an bi ta dala ba, amma mafi yawan mutanen da nake yi wa lissafi ba su taɓa ganinsa a bankinsu ba. Ku umarci manyan bankunanku, har da na Dakar, su tabbatar ya isa kowane reshe da kowace manhajar waya, da kuɗin aikawa da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya.

Wassalam.

Naku cikin ladabi,
Wani akanta, a madadin ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan fansho na yankin.